Yadda mu 'yan waje za mu haɗa kai mu gyara tsohuwar makarantarmu ba tare da zumunci ya lalace ba

Kusan kullum da bidiyo abin yake farawa. Wani ɗan ajinku ya je gida hutu, ya biya ta makaranta, ya ɗauko hostal ɗin da kuka kwana shekara shida iska ta yaye kwanon, yara na zaune a ƙasa suna rubutu a kan cinya, ɗakin gwaje-gwaje ya zama gidan jemagu, ya turo guruf. Nan take guruf ya kama da wuta, wannan ya ce innalillahi, wancan ya ce wallahi ban iya cin abinci ba yau, wani a Houston ya ce shi ya ɗauki dala dubu, wani a Jidda ya ce a turo akawun yanzu yanzu. Bayan sati uku an koma gardamar siyasa da turo hotunan ɗaurin aure. Mu sau biyu muka yi haka kafin a karo na uku abu ya tsaya da ƙafarsa, kuma ni aka liƙa wa sakatare, shi ya sa nake ganin ina da ɗan abin faɗa. Ba zan ambaci makarantarmu ba, sakandaren gwamnati ce ta kwana irin wadda kowa ya sani, gabza da miyar kuka, firef da daddare, siniyoyi masu sa gwale-gwale.

Abin da na fahimta shine kuɗi ba su ne matsalar ba. Likita ɗaya a Ingila in ya ga dama zai iya yi wa aji biyu rufi shi kaɗai. Matsalar ita ce ƙungiya biyar, asusu biyar, kowa na son sunansa a jikin bango, kuma ba wanda ke tsaye a wurin aikin da rana tsaka yana ƙirga buhun siminti.

Farko, ku tara ƙungiyoyin, amma kar ku rushe kowacce

Za ku tarar akwai 'yan reshen Ingila, 'yan Amurka da Kanada, 'yan Saudiyya da Dubai da Ƙatar, wataƙila da 'yan Maleshiya masu karatun digiri na uku, sannan ga 'yan aji aji, 'yan 88 da 'yan 94 da 'yan 2003, kowa da shugabansa da ma'ajinsa. Kuskuren da muka fara yi shine muka ce kowa ya narke a dawo ƙungiya ɗaya. Ai kuwa aka watse, don ba wanda zai sauka daga ciyaman ya koma memba saboda wani yaro da ya taɓa aika ɗebo ruwa a fom wan ya kawo shawara. Abin da ya yi aiki shine kwamitin haɗin gwiwa na aikin gyara kawai, kowace ƙungiya ta kawo mutum biyu, ta ci gaba da harkokinta na zumunci da gudummawar biki da rasuwa yadda ta saba, amma maganar gini a bakin kwamiti take, asusu ɗaya, jerin ayyuka ɗaya.

Kuma dan Allah kar ku tsallake uwar ƙungiya ta gida in akwai ta. Manyan makarantu irin su Barewa da ta faro a Katsina a 1921 suna da ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, ita Barewa tata BOBA ce, Rumfa ta Kano tana da RUMFOBA, makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu da 'yan uwansu suna da KASSOSA, kuma ko ƙaramar makaranta ce za ka samu wasu dattawa sun daɗe suna fama da ita da ɗan abin da suke da shi tun kafin mu san hanyar filin jirgi. In kuka zo musu da sigar mun zo da dala ku matsa, to kun kashe aikin tun kafin a haƙa fandisho, don su ne suka san famanan sakatare, su ne suka san hakimi, cikinsu ma akwai wanda ya koyar da kwamishinan. A je musu da girmamawa, ranka ya daɗe ga abin da yaranku suke tunani, a ba ɗaya daga cikinsu shugabancin amintattu.

Maganar siniya da juniya kuwa sai an faɗe ta a fili ranar farko. A zumunci siniya siniya ne har abada, amma a kwamiti wanda ya iya lissafi shi zai riƙe lissafi ko da ɗan 2010 ne.

Lokacin mitin ma abin dubawa ne. Jidda na gaban Kano da awa biyu, Kuala Lumpur da awa bakwai, Houston na baya da awa shida ko bakwai gwargwadon lokacin shekara, Landan kuma da bazararsu agogonsu ɗaya da na gida, da hunturu su koma baya da awa ɗaya. Mu ranar Lahadi ƙarfe uku na rana agogon Najeriya muka tsayar, na Amurka ya tashi da safe, na Maleshiya ya daure ya yi dare. Zoom na kyauta yana yankewa a minti 40, wani ya biya na shekara a huta. Sannan a buɗe guruf na aiki daban wanda admin kawai ke rubutu, sanarwa da rasit da hoton aiki, ba barka da Juma'a, ba siyasa.

Na biyu, makarantar ba taku ba ce

Wannan yana yi wa mutanenmu na waje wuyar haɗiya. Ta gwamnatin jiha ce, ko bulo ɗaya ba ku da ikon ɗorawa sai da izini. A fara da firinsifal, daga nan ofishin shiyya, sannan ma'aikatar ilimi ko hukumar da ke riƙe da makarantar, don a wasu jihohin makarantun kimiyya da fasaha hukumarsu daban, ƙaramar sakandare kuma tana ƙarƙashin SUBEB, hukumar ilimin matakin farko ta jiha. A rubuta wasiƙa, a karɓi kwafin da aka buga wa hatimin an karɓa, a bi sawu da ƙafa. Abin da kuke nema a ƙarshe takardar yarjejeniya ce da ta faɗi gine-ginen da za ku taɓa, da cewa ku za ku zaɓi ɗan kwangila ku biya shi kai tsaye, da wanda zai kula da kayan bayan an miƙa. Firinsifal ana canja shi, kwamishina ana canja shi, in ba takarda sabon zai zo ya ce bai san zancen ba.

A wannan zuwan ku tambaya ko akwai abin da gwamnati ta riga ta sa a kasafi na makarantar. In ta 'yan mata ce ko ta haɗaka a jihohi irin su Kano da Kaduna da Katsina da Kebbi da Borno, ku bincika ko tana cikin shirin AGILE na Bankin Duniya mai tallafa wa karatun 'yan mata, kar ku kashe kuɗinku a banɗakin da an riga an ware masa kuɗi, ko mafi muni ku gyara wani ya kai takarda ya karɓi kuɗin aikin da ku kuka yi. Wani kuma zai ce a nemi TETFund, asusun tallafin ilimi na gwamnatin tarayya, ku ce masa ya huta, ita ta manyan makarantu ce, jami'a da foli da kwalejin ilimi, ba ta sakandare.

Na uku, wanne za a fara

A nan aka fi yin rigima, kuma a nan nake da ra'ayi mai zafi. Ku tura mutum uku su wuni a makarantar, ba ziyarar da za a jera yara su yi waƙar maraba ba. Su shiga banɗaki da kansu, su je kicin su ga inda ake tuƙa tuwo, su zauna da masu dafa abinci da maigadi da hausmasta ko matiron, su ware yara 'yan aji biyu ba malami a wurin su tambaye su me ya fi damunsu. Jerin da firinsifal zai ba ku daban, yawanci zai fara da ofis da motar makaranta da zauren taro, ba don mugun nufi ba, abin da yake gani kullum kenan. Jerin yara kuma ruwa ne da banɗaki, kusan ko yaushe.

Mu a kwamitinmu rabin mutane get suke so. Ƙatuwar ƙofa mai tayil da sunan ƙungiya da fitila, wadda za a tsaya a gabanta a yi hoto. Na gane dalili, mutum ya tara kuɗinsa cikin sanyi yana aikin dare, yana son in ya wuce a mota ya nuna wa 'ya'yansa. Amma yaron da yake fita daji da asuba don ba masai, yarinyar da take tafiya rijiyar cikin gari da bokiti lokacin da ya kamata tana aji, me get ya yi musu? Da ƙyar aka shawo kan mutane, sai da wata 'yar uwa ma'aikaciyar jinya a reshen Ingila ta ce ita kobonta ba zai shiga get ba sai an tona masai, sauran mata suka bi bayanta, to kun san in mata suka juya baya lissafi ya canja.

Tsarin da zan ba kowa shawara shine ruwa tukuna, borehol mai sola da tanki a sama, kuma kafin a kira masu haƙa a biya a yi binciken ƙasa a ga inda ruwan yake, don akwai wuraren da dutse ne a ƙasa, za a haƙa a karɓi kuɗi rani na yi ya ƙafe. Sai banɗaki, irin wanda zai yi aiki ko ba ruwan famfo, masai mai bututun iska ya fi na zamani mai fulashin da zai toshe cikin wata biyu. Sai rufi, don ginin da ruwa ke shiga kowace damina mutuwa yake, yawancin tsofaffin azuzuwan nan bangonsu lafiya lau, sun fi sabon gini ƙwari ma, kwano da katako da silin da tagogi kawai suke so, gyaransu ya fi tada sabo araha nesa ba kusa ba. In tsohon rufin na asbestos ne a gaya wa injiniya tun wuri, ba a farfasa shi da guduma yara na shaƙar ƙurar. Sai katanga. Da can da mun ce katanga ado ce, amma bayan sace ɗalibai da aka yi a Ƙanƙara a Disambar 2020 da Kagara da Jangebe a Fabrairun 2021 ba mai faɗin haka, ga kuma masu cin filin makaranta, kafin ku ankara filin ƙwallon da kuka sani ya zama shaguna. Kafin a ja katanga a nemo taswirar filin a ma'aikatar ƙasa a kira safiyo, a sanar da mai unguwa da hakimi, in ba haka ba kotu za ku ƙare. Bayan waɗannan ne ake maganar kujeru da lab da laburare da kwamfuta.

Na huɗu, rajista da asusu

Kar a tara ko sisi a akawun ɗin mutum, ko da limamin ajinku ne. Ba zargi ba ne, mutum na iya rasuwa kuɗin su shiga cikin gado, banki na iya rufe akawun don ya ga kuɗi na shigowa daga ƙasa goma. A yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni, a matsayin ƙungiya mai amintattu a ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020, ana buƙatar kundin tsarin mulki da sunayen amintattu, a buga sanarwa a jarida a jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi. In uwar ƙungiya tana da rajista to kun huta, sai a buɗe asusu na musamman na aikin a ƙarƙashinta. Banki zai nemi lambar haraji da satifiket ɗin SCUML, wannan ofishin hana halatta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC, a fara nemansa da wuri don yana cin lokaci. Masu sa hannu uku, dole biyu su sa kafin kuɗi ya fita, ɗaya na gida ɗaya na waje, kuma alat ya riƙa zuwa wayar mutum fiye da ɗaya.

'Yan Ingila in kuɗin da kuke tarawa a shekara ya wuce fam 5,000 ku duba rajistar ƙungiyar agaji, akwai riba a ciki, ta tsarin Gift Aid duk fam ɗaya da mai biyan haraji ya bayar gwamnati na ƙara fens 25, fam 100 ya zama 125 kenan. 'Yan Amurka kuma rajistar ƙungiyar agaji da ake kira 501(c)(3) ce ke sa mai bayarwa ya samu sauƙin haraji, amma tana da sharuɗɗa kan tura kuɗi waje, ku sa akanta a ciki, ba a rasa ɗaya a tsofaffin ɗalibai.

Na biyar, tara kuɗin

Alƙawari ba kuɗi ba ne. Ranar ƙaddamarwa za ku ji adadi mai daɗi, ku rubuta shi da fensir. Ba a ba da kwangila sai kan abin da ya shiga asusu. Abin da ya fi ɗorewa a wurinmu ɗan ƙaramin abu ne duk wata da mutum zai saita bankinsa ya riƙa cira da kansa, fam ashirin, dala talatin, riyal ɗari, ya fi babban alƙawarin da sai an yi ta kira ana jin kunya. Na gida kuma kar a raina nasu, malamin firamare da ya ba da dubu biyu a rubuta sunansa a jeri ɗaya da likitan Amurka, kuma wanda ya ce a sakaya sunansa a sakaya. Dabarar da ta ƙara mana kuɗi ita ce raba ayyuka ga aji aji, 'yan 91 ku ga hostal kaza, 'yan 99 ga borehol, gasar da ke tsakaninsu tun ta intahaus sai ta dawo, amma kuɗin ta asusu ɗaya zai bi, injiniya ɗaya zai duba.

Kar ku canja kuɗin waje zuwa naira gaba ɗaya ku ajiye. Kafin Yunin 2023 dala a farashin gwamnati wajen naira 460 take, a farkon 2024 ta haura 1,500, siminti ya bi ta har buhu ya wuce dubu goma. Duk wanda ya ajiye naira a lokacin yana jiran a gama mitin ya ga yadda kuɗin aji uku suka koma na aji ɗaya da rabi. A bar su a asusun dala ko fam, a riƙa canjawa daidai abin da za a biya, kuma a rubuta farashin da aka canja ranar a turo guruf, don a nan ne zargi yake fara tsirowa.

Wani zai tambaya ko zai iya ba da zakkarsa. Ku tura shi wurin malamai, don zakka tana da mutanenta takwas da aka lissafa a Suratut Tauba aya ta 60, kuma malamai da yawa ba sa ganin gini a ciki. Sadaka mai gudana ce ƙofar da ba gardama. In akwai yara marayu ko marasa hali da ba za su iya biyan kuɗin WAEC ko NECO ba, wannan asusu ne daban. Kuma ku tuna a yawancin makarantun nan da Kiristoci muka yi karatu, gado ɗaya kwano ɗaya, a yi magana yadda kowa zai ji aikin nasa ne.

Na shida, kwangila, inda ake kuka

A nemo mai ƙididdigar gini ya fitar da BOQ, wato takardar da ta lissafa komai, buhu nawa, rodi nawa, kwano nawa kuma mai wane kauri. Da ita za a nemi farashi daga 'yan kwangila uku a kwatanta. Ra'ayina, ɗan ƙungiya kar ya karɓi kwangila, ƙanin ɗan kwamiti ma haka. Mun gwada, ɗan ajinmu ne, mutumin kirki, ya ce zai yi ba riba, aiki ya tsaya a linta wata biyar, ba mai iya yi masa magana don tare aka sha gabza, ƙarshe sai da aka kai maganar gaban wani dattijo, har yau ba ya shiga mitin. Injiniyoyi da magina na cikinku su zama masu sa ido, wannan ne wurinsu, bare kuma shi za a iya tsarewa a ce gyara ko a kore ka.

Biya kashi kashi, kowane kashi sai injiniyanku ya je ya gani ya sa hannu. A riƙe kashi biyar cikin ɗari na kuɗin har wata shida bayan gamawa, in son samu ne har damina ta wuce a kansa a ga ko yana yoyo. Kwano a auna kaurinsa ranar da aka sauke, don abin da aka rubuta daban abin da ake kawowa daban, katako a tabbatar an shafa masa maganin gara, bulo a ɗaga ɗaya a sake shi a gani.

Sai mutumin ƙasa. Wannan shine ƙashin bayan komai, kuma shi aka fi mantawa. Mutum ɗaya da ke zaune a garin, wanda zai je wurin aƙalla sau uku a sati ba sanarwa, ya kira bidiyo kai tsaye ya zagaya da waya, ba hoton da ɗan kwangila ya zaɓo ba. Ku biya shi. Ku sa masa kuɗin mai da kati da ɗan alawus a cikin kasafi a fili, kar ku ce ai don Allah yake yi, kuna can kuna karɓar albashi da fam shi yana ƙona man babur ɗinsa. Namu malami ne da ya yi ritaya, tsohon ɗalibi, ba ya jin kunyar kowa, ya taɓa sa aka mayar da tifar yashi guda don ƙasa ta yi yawa a ciki.

Lokaci kuma, aikin rufi a gama shi kafin ruwa ya sauka, tsakanin Nuwamba da Afrilu kenan, aikin hostal da na aji a daidaita da hutu, kuma kar a kawo masu buga kwano lokacin da 'yan aji shida ke rubuta jarrabawa daga Mayu zuwa Yuli.

Maganar kwantena

A taƙaice, kar ku yi. Wani zai ce makarantar 'ya'yansa a can za ta zubar da kwamfutoci da littattafai, a loda a kawo. Kafin kayan su fita daga tashar Legas, kuɗin jirgi da kwastan da kuɗin jinkiri da mota zuwa arewa sun sayi sababbi a Kano, takardar yafe haraji kuma daga ma'aikatar kuɗi ta tarayya take fitowa, ba a samunta a sati. Littattafan ma ba na manhajarmu ba ne. In na'urar lab ce da babu ita a gida, wannan a sa a akwatin masu zuwa hutu.

Bayan an yanke ƙyalle

Kafin a taɓa kuɗin gini a cire wani kaso, mu ɗaya bisa goma muka ware, a ajiye na gyare-gyare. Famfon borehol zai lalace, batirin sola zai mutu, iska za ta ɗaga kwano ɗaya wanda in ba a buga shi a satin ba zai ja goma. In kuka ce gwamnati za ta yi, bayan shekara huɗu wani zai sake turo bidiyo. A yi takardar miƙa kaya mai lissafin komai, kujera nawa, fanel nawa da lambobinsu, firinsifal ya sa hannu, shugaban PTA da na kwamitin al'umma mai kula da makaranta, wato SBMC, su sa, kwafi ɗaya ya tafi ma'aikata. Fanel ɗin sola a yi musu keji a walde, maigadi a san yadda za a riƙa kyautata masa. A koya wa mutum biyu a makarantar, malami ɗaya lebura ɗaya, yadda ake wanke fanel da kashe famfo in tanki ya cika.

Rahoton kuɗi kuma duk wata uku, da hoton takardar banki yadda take, ko ba a kashe komai ba a turo. Sannan duk wanda zai je gida hutu a cikinku a ɗora masa biyawa ta makaranta ba tare da ya sanar ba, ya buɗe famfo ya gani ko ruwa na zuwa, ya leƙa masai, ya tambayi malamin kimiyya ko ana buɗe lab ɗin ko an kulle don kar yara su ɓata. Namu na ƙarshe da ya je ya tarar an kulle sabon banɗakin an ce sai baƙi sun zo, mukullin na aljihun wani, yanzu haka wasiƙar da zan rubuta wa firinsifal kenan in na tashi daga aiki.